Jan Layin da Na Rufe wa Baki

Ko zan manta da komai a rayuwata, ba na jin zan manta da shekarar da gyaɗar Inna ta ƙone a tsaye, ruwa yana wucewa ta gefen gonarta. Shekaru sun ja, yaƙi ya zo ya watsa mu, na yi aiki a wurare da dama, amma har gobe in na zauna gaban kwamfuta na ga layi ya yi ja, sai gabana ya faɗi. Zan ba da labarin yadda ya faru, kuma ba zan kama sunan kowa ba. Wanda ya ji kamar da shi nake, to da shi ɗin nake.

Ƙauyenmu yana yamma da Managil, a cikin gonakin ban-ruwa. Kowane manomi yana da hawasha, wato gonar da hukuma ta yanka masa ta ba ta lamba, gonakin kuma suna jere a bakin ƙaramar magudanar da muke kira Abu Ishirin. Ruwa ba kullum ba ne. Ana buɗe mana shi na 'yan kwanaki, kowa ya sha a layinsa, sai a rufe daga babbar ƙofa a juya wa wasu, ba za mu sake ganinsa ba sai bayan mako biyu. In layinka ya wuce ka, gonarka za ta yi wata guda cur ba ta sha ba.

Hawashar kakanmu lambarta ɗaya, amma mutum biyu ke noma ta. Babana da ƙanensa, Baffa, da igiya suka raba ta biyu, kuma babu wanda ya taɓa zuwa ofis neman sabuwar lamba, don a wurinsu abin kunya ne 'yan ciki ɗaya su tsaya gaban ma'aikaci su ce sun raba gona. A littafin magudana sai aka rubuta sunan Baffa, a ƙarƙashinsa sunan babana, lamba guda, kowa da rabin lokacin ruwa. Da babana ya rasu aka mayar da sunan Inna, ta ci gaba da noma rabinsa. Da wannan rabin ta ciyar da mu, da shi na yi karatun kwamfuta a Madani. A shekarar da nake magana gyaɗa ta shuka a ciki duka. Damina ta ɗauke da wuri, gyaɗa ta riga ta sa 'ya'ya a ƙasa, abin da ya rage kawai ruwan da zai cika su.

Kowace shekara sai an yi faɗa a kan layin ruwa. Wannan ya ce gafir, mai tsaron ruwa, ya ƙara wa surukinsa awa biyu, wancan ya ce an tsallake shi. Har sanda an taɓa ɗagawa. Da lajna, wato kwamitin manoma, ta gaji da sasanci, sai ta yanke cewa a yi manhajar waya da za ta riƙa fitar da layi, a fara da magudanarmu. Suka kuma sa doka mai tsauri: abin da waya ta faɗa shi ne hukunci, gafir in ya buɗe wa wanda waya ba ta ambata ba, a bakin aikinsa. Aikin gina manhajar aka ba ɗan 'yar'uwar shugaban lajna. Ba sai na gaya muku yadda aka yi aka zaɓe shi ba.

Kai, wannan bawan Allah! Ya dawo daga Khartum da baƙin tabarau da waya biyu da makullin mota da yake kaɗawa a yatsa, motar kuwa har na bar garin ban ga ko tayarta ba. In ka kira shi da sunan da uwarsa ta raɗa masa ba ya waiwayowa, sai ka ce Bashmuhandis, babban injiniya ke nan. Hausarsa tana ɓacewa in akwai baƙi, ta dawo in yana neman abinci. Ni aka haɗa ni da shi ne saboda wani dattijo ya tuna cewa 'yar gwauruwar nan ma ta yi karatun abin. Ranar farko ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Ke za ki riƙa yi mini ƙananan abubuwa. Fayilolina kuwa kada ki taɓa.” Na ce to, Bashmuhandis. A raina na ce za mu gani.

Bari in gaya muku yadda yake gwada aikinsa, don abin dariya ne in ba a kanka ya ƙare ba. Duk lokacin da ya canza layi ɗaya, sai ya sa kwamfuta ta haɗa manhajar gaba ɗaya, ya jira, ya jona waya, ya tura, ya jira, ya buɗe, sannan ya fara buga sunaye da yatsa: Manomi ɗaya, Manomi biyu, har Manomi biyar. Kullum biyar ɗin nan ne, kowa da lambarsa, kowa da gonarsa cikakkiya, ba mai mutuwa a cikinsu, ba mai ɗan'uwa. Kafin ya gama zagaye ɗaya an sha jabana, gahawarmu, an wanke finjalai. In wuta ta ɗauke a tsakiya kuwa, shi ke nan, ya zagi hukumar lantarki ya miƙe ƙafa. A yini bai fi ya gwada sau huɗu ba, amma in ka ji yana numfashi sai ka rantse buhu ya sauke.

Ni kuwa abin da aka koya mini daban. Manhajar waya tana da fuska, wato maɓallai da launuka da duk abin da ido ke gani, tana kuma da ciki, inda ake lissafi. Lissafin layi ba ya bukatar waya ko kaɗan: ka ba shi jerin manoma da girman gonakinsu da ranar buɗe ƙofa, ya dawo maka da wa zai sha, yaushe, na awa nawa. Sai na ware shi a kilas ɗinsa, wato guntun rubutu mai zaman kansa wanda bai san allo ba bai san maɓalli ba, na rubuta masa ƙananan gwaje-gwaje. Kowane gwaji tambaya ce da na riga na san amsarta. In lissafi ya ba da amsar, layi ya yi kore, in ya kauce, ya yi ja. A kan kwamfutar kanta suke gudu, ba jona waya, ba jira. Ina danna maɓalli, kafin in ɗauki kofin shayi in kai baki sun gama.

Da ya gani sai ya fashe da dariya har yana cire tabarau. Ya ce, “Ya Ustaza, manomi kwamfuta zai ɗauka zuwa gona ko waya? Gwajin da babu waya a ciki ai wasan yara ne. Wannan abin makaranta ne, mu a kasuwa ba ma yin sa.” Wace kasuwa, oho. Na yi tsaki a ciki na ci gaba da aikina. Gaskiya a lokacin ina jin kaina sosai. Ina kallonsa yana jiran wayarsa baki buɗe, ni kuwa na gwada sau talatin, sai in ji kamar in tashi in yi rawa.

Ana saura kwana ɗaya taron ƙaddamarwa, da hantsi, samad ya kawo mana littafin magudana. Samad shi ne dattijon da ke tsaye tsakanin manoma da hukuma, ya san tarihin kowace gona tun kafin a haife ni. Bashmuhandis ya tafi Managil aron na'urar haska hoto a bango, ni kaɗai ce a ofishin lajna. Tsohon ya zauna a bakin benci yana fifita da hularsa, ya ga layuka suna fitowa kore a jere.

“Mi wanga abu ke yi, ɗiyata?”

Na ce, “Baba, tambayoyi nake masa, yana amsawa.”

“Ko ni in na tambaye shi yana amsa mani?”

Na ce ya gwada. Ya gyara zama ya ce to, in mutum ya bar gonarsa ba shuka bana fa? Na rubuta tambayar, na danna. Kore: ya tsallake ta, ya matso da na bayansa. Tsohon ya ce, “A'a!” Ya ƙara matsowa. In layin mutum ya faɗo a lokacin sallar Juma'a fa? Ja. Na gyara a gabansa, na sake dannawa, kore. In mutum ɗaya yana da gona biyu, ɗaya a kai ɗaya a wutsiyar magudana? Kore. Abin ya zame masa kamar wasan dara, yana jefo tambaya yana leƙa fuskata ya ga ko ya kama ni. Da a ce kowace amsa sai an jira ta rabin awa, da tuni ya ɗauki sandarsa ya tafi. Amma abu yana amsawa nan take, sai duk rigimar da ya raba a shekara arba'in ta riƙa faɗo masa ɗaya bayan ɗaya.

Can ya buɗe littafin, ya ɗora yatsa a wani layi. Ya ce, “To ga ta gidanku. Lamba guda, mutum biyu. Ita kaɗai ta rage haka nan a magudanarga, sauran duk sun je ofis an raba masu.”

Na rubuta sunan Baffa da na Inna, lamba ɗaya, kowa rabi. Na danna. Ja. Na karanta abin da ya fito: na ce ina tsammanin mutum biyu, ya ba ni ɗaya. Baffa yana nan da rabin lokacinsa. Inna babu ita, kamar ba a taɓa haihuwarta ba.

Na bi sawu na gano inda take ɓacewa. Ba a lissafina ba ne. Bashmuhandis ya rubuta wani guntu da ke tace jerin sunaye kafin ya iso wurina, kuma duk lambar da ya gani sau biyu sai ya ɗauka kuskuren mai bugawa ne, ya share ta biyun. Mutumin da aka haifa a ƙauyen nan, wanda ya yi wasa a bakin wannan magudanar, bai taɓa kawowa a ransa cewa 'yan'uwa suna iya zama a lamba ɗaya ba. Samad ya miƙe yana karkaɗe riga ya ce, “Kin dai gani da idonki. A gyara.” Na ce in sha Allahu, Baba.

Bayan la'asar gogan ya dawo da na'urarsa yana gumi. Na nuna masa. Ya kalli jan layin kamar wanda aka nuna wa ƙuda a miyar wani. Ya ce ba a taɓa rubutu ana gobe taro, ko a manyan kamfanoni doka ce. Na ce gyaran bai kai layi biyar ba. Ya ce in an gyara sai an sake haɗa manhajar, sai ya sake buga manomansa biyar, ga wuta ba tabbas, kuma kwamfutarsa ce kaɗai ke fitar da abin da ake sa wa a waya, shi kuwa ya gaji. Na ce, “Bashmuhandis, mahaifiyata ce fa.” Ya ce, “To ai shi ya sa ma babu matsala, ta gida ce. Yaushe ne layinta?” Na ce saura kwana tara. Ya tafa hannu ya ce, “Halas, shi ke nan! Jibi ki gyara, in tura wa gafir sabuwa. Kwana tara ai shekara ce.”

Sai kuma ya zo da wadda ta fi. Gwaje-gwajen nan da ya kira wasan yara, ashe sun shiga idonsa. Yana so gobe ya haska su a bango, manyan baƙi su ga layuka suna zubowa kore cikin ƙiftawar ido. Amma ja ɗaya zai ɓata hoton. Ya ce akwai alamar da ake sa wa gwaji a ce a tsallake shi, ko ba haka ba? In sa ta. Ya sassauta murya ya ce gobe a gaban mufattish, babban jami'in gona, da shugaban lajna da kowa, zai kira ni in miƙe a gan ni, a san cewa 'yar ƙauyen nan ce ta yi wannan ɓangaren.

Ina so in ce tilasta mini ya yi. Na sha faɗa wa mutane haka a shekarun farko. Ƙarya ne. Bai riƙe hannuna ba, bai ɗaga murya ba. Na hango kaina a tsaye cikin farin tobe, lulluɓin matanmu, ana tafa mini, matan da suka ce karatun 'ya mace ɓata lokaci ne suna kallo. Na ce a raina ai kwana tara ne, kuma ni da kaina zan gyara. Na rubuta kalma ɗaya a saman gwajin, na danna. Ja ya ɓace. Komai kore, sai wani ɗan rubutu mai toka-toka a ƙasa da ke cewa an tsallake ɗaya, wanda shi kuma ya ja gefen allon ya rufe shi.

Taron kuwa an yi shi kamar ɗaurin auren 'yar sarki. An kafa rumfa, an yanka rago, an yi jawabi har rana ta take. Bashmuhandis ya sha kwat cikin wannan zafin, gumi na bin wuyansa, ya riƙe makirufo yana zuba Larabci yana yayyafa masa Turanci. Ya danna maɓallina, layuka suka zubo a jikin farin zanen da aka rataya, ya juyo ya ce, “Wannan tsari ne na zamani da na gina, wanda ke bincikar kansa da kansa. Kun ga ja a ciki?” Jama'a suka ce babu. Aka yi tafi, mata suka rangaɗa guɗa. Ina zaune a layin baya na gyara tobe ina jiran a kira ni. Ya gode wa mufattish, ya gode wa kawunsa, ya gode wa makarantar da ta ba da aron na'ura, har mai rumfa ya gode wa. Ya zauna.

Da ana watsewa samad ya ratso ta kusa da ni ya ce, “An gyara ta gidanku?” Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na gyaɗa kai. Ya ce madalla, ya wuce.

Akwai abin da duk mu biyun, da iyayinmu da karatunmu, ba mu lissafa ba. A wurinmu babu mai sauke manhaja daga intanet, shabaka, wato sabis ɗin waya, sai an hau tudu. Waya da waya ake haɗawa a tura, kamar yadda ake ɗebo wuta daga murhun maƙwabta. Kafin a gama cin ragon nan, manhajar ta shiga wayar shugaban lajna, daga nan ta ɗansa, daga nan ta mai shago, daga nan ta kowa. Gafir ma a wurin surukinsa ya karɓa, a gindin bishiya. Kuma Bashmuhandis bai sa wata alama da za ta nuna tsohuwa da sabuwa ba, duk fuskarsu ɗaya.

Ban ɓata lokaci ba. Washegari da safe, da haushin jiya a wuyana, na buɗe fayil ɗinsa da ya hana ni taɓawa, na sa ya riƙa duba lamba da suna tare, na cire alamar tsallakewa, na danna. Kore na gaskiya. Kwata ɗin awa bai cika ba. Na kai masa, ya haɗa, bayan kwana biyu na tambaye shi ko ya kai wa gafir. Yana latsa waya ko kallona bai yi ba ya ce, “Halas, an gama.” Ban je na duba wayar gafir da idona ba. Tafiyar minti ashirin ce. Amma in na je sai ya tambaye ni me ya samu ta farkon, magana ta zaga, ta isa kunnen samad da na gyaɗa wa kai. Inna ma ban ce mata komai ba. A ranar aka aiko cewa yayata ta haihu a Kamlin, na shirya na tafi taya ta zama, hankalina kwance.

Da na dawo, tun daga bakin hanya na ga an rufe magudanarmu, ruwa ya koma wa wasu. Baffa ne ya tare ni a ƙofar gida, ya ba ni labari yana kallon ƙasa. Ranar layinsu Inna ta fita da fartanyarta tun da safe. Gafir ya buɗe wa Baffa, rabin lokaci ya cika, ya zo zai toshe ya wuce gaba. Inna ta ce saura nata. Ya duba waya, ya sake dubawa, ya ce, “Ya Hajja, wallahi na san ki, amma waya ba ta san ki ba. In na buɗe miki aikina ya tafi.” Wannan mutumin fa ya fi shekara ashirin yana buɗe mata ruwa, ya ci kisrarta, wainar dawar nan tamu, ba adadi a bakin wannan gonar. Amma an ba shi abin da zai ɓuya a bayansa, ya ɓuya. Samad yana Dinder wajen gaisuwar mutuwa. Shugaban lajna ya ce doka doka ce, su suka kafa ta, ba za su karya ta a makon farko ba. Baffa ya karkatar mata da ragowar nasa, ruwan bai wuce kunya uku ba ya tsaya. Inna ba mai hayaniya ba ce. Ta tsaya har aka toshe, ta saɓa fartanya ta koma gida.

Na ajiye jaka na nufi rumfar gafir, tafiyar da na ƙi yi tun farko. Na karɓi wayarsa. Tsohuwar ce, ta ranar rago. Daga nan na wuce wurin Bashmuhandis, na same shi a gaban shago ana masa aski. Ashe sabuwar da ya ce an gama, kawunsa ya tura wa, ya ce ya ba gafir in sun haɗu. Kawun kuwa ya duba ya ga iri ɗaya ce da wadda yake da ita, ya share don waya ta cika. Na ce masa gonar Inna ta rasa ruwa. Ko gezau. Da kumfa a haɓarsa ya ce, “Wannan ba matsalar manhaja ba ce, matsalar bayanai ce. Mutane su ƙi zuwa ofis su yi rajista yadda ya kamata, sannan a ɗora wa fasaha laifi?” Wallahi da askar a hannuna take, ban san abin da zan yi ba. Na zage shi a gaban mutane, zagin da ban san na iya ba, shi kuwa ya ce wa wanzami ya ci gaba.

Lajna ta ce za ta zauna bayan Juma'a. Ta zauna, ta sha shayi, ta yanke cewa kuskure ne na fasaha kuma za a kula nan gaba. Ruwa dai ba ya dawowa don an yi zama. Na riƙa zuwa gonar kullum ina kallo. Ƙasarmu baƙar laka ce, in ta bushe tsagewa take, har hannuna yana shiga tsagar zuwa wuyan hannu. Ganyen ya fara naɗewa da rana yana warwarewa da yamma, daga baya ya daina warwarewa. Gefe guda ga rabin Baffa shar, igiya ɗaya ce tsakaninsu. Da layi ya sake zagayowa, da sabuwar manhaja da sunan Inna a ciki tsaf, an ba ta ruwanta cif. Gyaɗar ta sha, amma lokacin cika ya riga ya wuce.

Da aka tuge, harawa muka samu mai yawa. Gyaɗar kuwa in ka matsa sai ta fashe fus, ɓawo ne da 'yar ƙwaya kamar ta gero. Wata rana da hantsi muna zaune a inuwar rakuba, rumfar tsakar gida, muna ɓarewa, muna neman abin da zai yi iri, wata maƙwabciya ta leƙo ta fara habaici, wai ga amfanin karatun kwamfuta nan a faifai. Inna ta ɗago ta ce mata, “Kak ki sa ɗiyata ciki. Ƙarfe na, bai san ni ba, ina zai san ni? Ita ba ta ma gari.” Matar ta ja zanenta ta fita. Ashe haka Inna take ta faɗa wa duk wanda ya tanka, a rijiya, a gidan suna, ko'ina.

A nan na kasa. Na ajiye faifan na gaya mata komai: zuwan samad, jan layin, kalmar da na rubuta, taron, kan da na gyaɗa. Ban rage ba. Ina magana tana ci gaba da ɓara, ba ta dube ni ba. Da na gama ta fasa wani ɓawon. Sannan ta ce, “Ashe ya san ni.”

Na ce, “Na'am, Inna?”

Ta ce, “Abin naku. Ashe ya ga babu ni, har ya faɗa maki.” Ta hure ɓawon da ke tafinta. “Ni da anka ce mani ƙarfe bai san ni ba, ban ji zafi ba, ƙarfe na. Da kin gaya mani tun rannan, da ƙafata sai in tafi wurin samad kafin ya yi tafiya. Baki gare ni.”

Ba ta zage ni ba, ba ta ƙara tayar da maganar ba har ta koma ga Allah. Amma daga ranar, in wani ya ce karatuna ne ya ƙone gonar, shiru take yi.

Bashmuhandis na ji yana wata ƙasa yanzu, yana koyar da mutane yadda ake gina manhaja mai inganci. Har yau in na tuna shi sai na yi tsaki, kuma ya cancanta. Sai dai shi bai san nauyin jan layi ba, kuma bai taɓa sani ba. Ni ce na sani. Gwajina ya yi aikinsa, ya faɗa mini gaskiya tun da sauran kwana tara, ni na sa hannu na rufe masa baki don a tafa mini. Abin da na koya ke nan: saurin gwaji ba ya tsare kowa in wanda ke zaune gabansa ba ya son jin amsar. Yanzu a wurin aiki in wani ya ce a tsallake wannan jan, a gyara bayan taro, ba na musu da shi. Ce masa nake ya fara nemo mutumin da abin zai faɗa wa, ya gaya masa a fuskarsa, sannan ya dawo in ba shi kujera ya rubuta alamar da hannunsa.